Ƙafar Inna da askar Baffa

Tun ina ƙarama na san ƙafafun Inna ba irin na sauran matan unguwarmu ba ne. In ta ɗage zani za ta yi alwala, sai ka ga jijiyoyi sun taso mata daga bayan gwiwa har idon sawu, sun murɗe sun yi ƙulli-ƙulli kamar igiyar guga da aka yar a bakin rijiya. Mu yara mukan sa yatsa mu danna su lotsa, mu ɗaga su sake cika, har sai ta gaji ta kai mana duka da mafici.

A Bukkuyum muka tashi, amma ita mutuniyar Gummi ce, aure ya kawo ta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun da hantsi tana tsaye a bakin turmi tana juya tunkuza da taɓarya har mai ya taso, daga nan ta koma bakin murhu, can ma a tsaye, don ta ce zama yana kashe mata jiki. Haihuwa kuwa ta yi ta da yawa, kuma kowane ciki sai ya ƙara mata wata jijiyar. In yamma ta yi sai ta zube a tabarma ta ce ji take kamar an ɗaura mata dutsen niƙa a kowace ƙafa. Ba wanda ya ɗauki abin ciwo. Mun ɗauka haka Allah ya yi ta.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Mahaifina bai ɗauki aska ba, noma ya riƙe har ya rasu, saboda haka zabirar kakanmu ta faɗa hannun ƙanensa, Baffa. Bayan rasuwar kuma shi ya zama babban gida. Mutum ne mai fara'a a kasuwa, mai labari, yana aski yana ba mutane dariya. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, a ce masa akwai abin da bai sani ba a jikin ɗan Adam. Ni da shi ba mu taɓa faɗa ba, amma tun da na fara koyarwa a firamare a Anka, inda nake aure, ya daina kirana ɗiyata. Malama yake ce mini, da wata irin murya da ke sa kalmar ta yi kama da zagi.

Wata shekara bayan an kai amfanin gona gida, na zo hutu na tarar ƙafar Inna ta hagu ta canza. Fatar wajen idon sawu ta yi baƙi ta yi tauri, tana ƙyalli, ga sawun farce ko'ina saboda susa. Na ce mata mu je asibiti.

Ta ce, "Baffanku ya diba. Ya ce mataccen jini na, ƙaho za shi yi mani shi hidda shi."

Ina da maƙwabciya a Anka, ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Na taɓa ba ta labarin ƙafafun Inna muna hira a kan katanga, abin da ta fara ce mini shi ne, ko me za a yi, kada a bar wani ya kai ƙarfe kan jijiyar nan.

Na samu Baffa a zaure bayan la'asar yana wasa aska a fata. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗa masa abin da Sista ta ce. Bai ɗago ba.

"Malama, ita wagga Sista, ubanta wanzami na?"

Na ce a'a, amma aikinta ke nan.

"To ni ubana wanzami na, kakana wanzami na. Belunki ma ni nac cire shi kina jinjira. Yau ke za ki koya mani inda aska ka zama?"

Na ce ba koya masa nake ba, roƙonsa nake ya bar ƙafar har likita ya gani. Ya gwada kaifin askar a gashin hannunsa, ya hure, ya ce na ji, tashi ki shiga gida. Na ɗauka ya yarda.

Washegari da safe na fita gaisuwar rasuwa a bayan layinmu. Ban daɗe ba. Ina sa ƙafa a zaure na ji salatin mata daga cikin gida. Na shiga da gudu na tarar da Inna zaune a kujerar tsugunno, ƙafar hagu a ƙasa, ƙahoni biyu manne a sha-raɓarta, na uku ya faɗo yana birgima. Ƙasa da su, daidai kan babban ƙullin da ke saman idon sawu, Baffa ya yi tsaga, jini yana tsartuwa siriri kamar an huda jarka. Ya jiƙa zaninta, ya jiƙa ƙasa, ya gangara har gindin turmi. Baffa yana tsugune yana cusa wani garin magani da babban yatsa, jinin yana wanke garin yana fitowa. Leɓen Inna ya yi fari, tana cewa duhu take gani.

Na zaro waya na kira Sista. Allah ya taimake ni akwai sabis. Ta ce, "Kwantar da ita flat a ƙasa." Sai ta gyara, "A kwance, a bayanta. Ɗaga ƙafar sama ta wuce ƙirjinta. Samu tsumma mai tsabta ki danne wurin da ƙarfi, kar ki ɗaga ki leƙa."

Na ture Baffa da kafaɗa. Ban san na yi ba sai da na ji ya dafa ƙasa. Muka kwantar da Inna, na jawo turmi na kifa shi na ɗora diddigenta a kai, na cire ɗankwalina na ninke na danne. Ina danne ina kallon fuskarta, ita tana kallon sama tana motsa baki. Hannuna ya sage, ban saki ba. Can jinin ya tsaya.

Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fara tsince ƙahoninsa. Sai ya ce, ba ma da ni yake ba, da matan da suka taru yake:

"Ai daman shina tsayawa. Mugun jinin na yag gama hita."

Na ce wa wata maƙwabciya ta karɓe ni ta danne. Na tashi, na ɗauki zabirar daga gabansa, da asake da komai a ciki, na wulwula ta na jefa ta bayan katanga. Lungun da ke bayan katangar nan nan kwatar unguwa take bi. Kowa ya ji faɗawarta a ruwa.

Baffa ya tsaya yana kallona, bakinsa a buɗe. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Kayan kakanki!" Na ce na sani. Shi kuwa ya fita ya zagaya lungu.

Na yi zaton ko duk duniya za ta juya mini baya, Inna za ta tsaya mini. Da ta farfaɗo ta sha kunu, abin da ta fara yi shi ne ta kira ni ɗaki ta wanke ni tas. Ta ce na tozarta ƙanen ubana a gaban mata, na jefa abincin gida a kwata, boko ya cire mini kunya. Na ce, Inna, kashe ki ya kusa yi. Ta ce, "Taimakona yaz zo yi. Ke mi kika taɓa yi ma ƙahwag ga in ba surutu ba?" Na roƙe ta ta bi ni Anka, ta ce ko gawarta ba za ta bi ni ba. Na ƙarasa hutuna a gidan da ba mai amsa mini gaisuwa da baki cike, na hau mota na koma.

Ina kiran waya tana ce mini lafiya lau. Ashe tsagar ba ta rufe ba. Bakinta ya buɗe, ya faɗaɗa, ya zama gyambo. Baffa kuwa kullum da safe sai ya zo ya kwaɓa garin sassaƙe da man shanu ya cika ramin, yana gaya mata ni ce na ɓata aikin, da na bar jinin ya gama zuba da tuni ta warke. Ba wanda ya faɗa mini, don an riga an sa ni a layin marasa mutunci.

Kawu ne ya tona. Yayan Inna ne, yana Gummi, mutum mai sanyin magana da ba ya shiga sha'anin gidan surukai. Ya je Bukkuyum cin kasuwa ya biya ya gaishe ta, ya ce tun daga ƙofar ɗaki warin ya tare shi. Bai yi shawara da kowa ba. Ya ce ta ɗauko mayafinta, ya sa ta a gaban mota, suka kamo hanya da rana tsaka don kada yamma ta yi musu a daji. Ina dawowa daga makaranta na same su a ƙofar gidana. Inna ta rame, tana dogara sanda, ta kawar da kai da ta gan ni.

Da safe muka kai ta wurin Sista. Da aka kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, Kawu ya juya baya. Ramin ya kai faɗin bakin kofin shayi, gefensa ya yi fari, cikinsa cike da baƙin gari da ruwa. Sista ta sa safar hannu. Ta wanke da ruwan gishiri na asibiti a hankali, Inna tana cije leɓe. Ta sa yatsu biyu a bayan tafin ƙafar tana lalubar bugun jini, sannan ta ce jini yana sauka lafiya, za a iya ɗaurewa.

Inna ta ce, "To in jini na sauka lahiya, mi ak ciwon?"

Sista ta ja kujera ta zauna a gabanta. Ta ce, "Mama, saukarsa ba wuya, hawansa ne wuya. Jinin da ya je ƙafa dole ya koma zuciya, kuma hawa zai yi. A cikin jijiyoyin nan akwai wasu 'yan marufai da ke buɗewa ya wuce sama, su rufe kar ya dawo. Naki sun saki. Sai jinin ya riƙa zamewa ƙasa yana taruwa, jijiya ta kumbura ta murɗe. Ba mataccen jini ba ne, jininki ne mai kyau, hanya ce ta lalace masa. Ko an zubar da shi, wani zai sake cika wurin kafin yamma."

Ta tambaye ta sana'arta, ta tambayi haihuwa, ta gyaɗa kai. Ta ce doguwar tsayuwa wuri ɗaya da yawan ciki da shekaru duk suna kawo shi, ƙiba ma haka, amma yawanci gado ne. Kawu da ke bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya naɗe ƙafar wandonsa. Ga su nan, irin na Inna sak, har sun fi nata kauri. Ya ce tsohuwarsu ma da su ta koma ga Allah. Inna ta harare shi ta ce wa ya tambaye shi.

Sista ta rufe gyambon da auduga, ta naɗe ƙafar da bandeji mai talewa tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, ta fi matsewa a ƙasa. Ta ce matsewar nan ita ce maganin, ita za ta taya jinin hawa. In za ta zauna ta ɗora ƙafa a kan wani abu, in za ta kwanta a sa filo ƙarƙashin diddige, ta riƙa takawa safe da yamma, kada ta tsaya cak, kada ta sosa, kada a ƙara sa komai a ciki.

Daga ranar gidana ya zama filin daga. Inna ta tsani bandejin nan kamar ta mutu. Lokacin zafi ya shigo, ta ce ƙafarta dahuwa take yi. In na tafi makaranta sai ta warware shi ta cusa ƙarƙashin katifa, in ta ji ƙarar ƙofa ta jawo zani ta rufe. Ni kuma in na shigo, kafin in ajiye jaka sai na ɗage zanin. Ta ce ban da tarbiyya, na ce na ji. Ta ce na ɗauko ta na ɗaure kamar akuya, na ce gara akuya mai ƙafa huɗu. In na sa mata filo ta shure shi. In na ce mu taka zuwa bakin titi ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta yi yawo ba aike. Maigidana ya gwada sa baki sau ɗaya, ta dube shi ta ce tsakaninta da ɗiyarta ne, bai ƙara ba.

Akwai ranar da na tarar da ita tsaye a bakin turmina tana daka barkono, ba bandeji, ƙafar ta kumbura sumtum, audugar ta jiƙe. Na fizge taɓaryar. Muka tsaya muna kallon juna, kowa yana huci. Ta ce, "Da ubanki na da rai ba ki yi mani haka." Na ce da yana da rai da ƙanensa bai yanka ki ba. Ta shiga ɗaki ta ƙi cin abincin rana. Da la'asar na shiga da ruwan ɗumi da sabon bandeji, ta miƙo ƙafar ba ta dube ni ba.

A haka gyambon ya fara tsukewa. Warin ya tafi, jan nama ya taso daga ƙasa, gefen ya riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Sista ta ce mu je Gusau babban likita ya gani. Aka shafa mata wani abu mai yauƙi aka bi jijiyar da na'ura, likita ya nuna mana a allo yadda jinin ke komawa baya in an matsa sha-raɓa an saki. Ya ce ana iya yin aiki a toshe jijiyar da ta lalace ko a zare ta, sauran na ciki su ɗauki aikin, kuma hakan zai rage dawowar gyambon. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta juyo gare ni.

"Ke da kika jehwa askar Baffanki a kwata, yanzu ke ta kika kawo ni ga wata aska?"

Likita ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce ba dole, in ba ta so sai ta riƙe safa mai matsewa har iya rayuwarta, ta sa da safe kafin ta sauko daga gado, ta cire in za ta kwanta. Ta ce wannan ma sai ta yi shawara da ranta.

Muna cikin haka Baffa ya zo Anka duba ta. Ya ƙi shiga cikin gida, ya zauna a zaure. Na kai masa ruwa na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba, bai taɓa kofin ba. Inna ta fito ta zauna suka gaisa, har da 'yar dariyarsu ta ƙanen miji da matar wa. Ya ce ta buɗe ya gani, ta fara taɓa bakin bandejin. Na ce daga inda nake tsaye, "Ba a buɗewa sai a asibiti." Ya dubi Inna ya ce, "Yaya, ashe aure kika sake, ga mijin nan tsaye." Ya sa takalmansa ya tafi.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni. Ya ce Baffa ya kai ƙarata wurin dangi, ya ce in ban zo na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na wulaƙanta shi ba, ba shi ba ni. Kawu ya ce, "Ɗiyata, ki tahi ki ba shi. Ubanki na, baki kawai za ki buɗe." Na ce, Kawu, kai ka ɗauko ta, kai ka ji warin. Na ce ranar da Baffa ya dubi Inna ya ce ya yi kuskure, a ranar zan rarrafa daga tasha har zaurensa. Kawu ya ce ai na san ba zai faɗa ba. Na ce ni ma ya san ba zan je ba.

Kafin ruwan farko ya sauka gyambon ya rufe, ya bar baƙin tabo mai santsi. Inna ba ta ƙara kwana ba ta ce a kai ta ɗakinta. Na sa kafinta ya yi mata doguwar kujera da wata 'yar ƙarama ta ɗora ƙafa, aka ɗaura su a bayan mota. Ta ce ba ta so, amma a kanta take suyar ƙuli har yau. Juya tunkuza ta bar wa matar ƙanena. Safar kuwa tana sawa ranar da ta ga dama, ranar da ba ta ga dama ba ta ce ta wanke ba ta bushe ba. Jijiyoyin suna nan yadda suke. In mata suka zo sayen mai aka taɓo zancen ƙafa, sai ta ce ita dai tun da Baffan yara ya yi mata ƙaho ta ji sauƙi. Ta taɓa faɗa a gabana. Na tashi na fita don kada in yi magana.

Ni da Baffa shekaru ke nan. In an yi rasuwa ko suna muka haɗu, nakan durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa wa wanda ke kusa da ni. Ya hana 'ya'yansa sauka gidana in sun zo Anka. An ce ya wanke zabirar ya shanya, amma fatar ta ƙanƙance, dole ya ɗinka sabuwa, kuma duk wanda ya tambaye shi ina tsohuwar sai ya ba shi labarina.

Zuwana na ƙarshe ya faɗo ranar kasuwa. Ina hanyar tasha na bi ta gaban rumfarsa, na ga wani magidanci zaune a tabarma ya naɗe wando har gwiwa. Daga ganin jar ƙasar da ta rine masa farce, ɗan aikin zinariya ne, irin masu yini tsaye a bakin injin niƙan dutse. Jijiyoyi sun taso masa a sha-raɓa, Baffa yana lallatsa su da yatsa, ƙahoni suna jiƙe a ƙwarya. Na wuce, sai na dawo.

Na ce, "Malam, in jijiyar nan ce ta kawo ka, kada ka bari a sa mata aska. Ka je asibiti."

Mutanen rumfar suka ɗago. Baffa bai dube ni ba. Ya ce wa mutumin, "Kak ka kula ta. Ɗiyar wana ta, ba ta da kunya."

Na ce, "Ka tambaye shi ƙafar matar wansa."

Mutumin ya dube ni, ya dubi Baffa, hannunsa yana kan naɗin wandon. Yaran mota suna ta kiran Anka, saura mutum ɗaya. Na juya na tafi na hau, ban san abin da ya yanke ba.